Yadda Ake Sayar da Gida Mai Kumfar Feshi a Rufinsa a Birtaniya

Galibi ga yadda abin yake faruwa. An sa gida a kasuwa a Manchester ko Leeds, an sami mai saye, an daidaita a kan farashi, har lauyoyi sun fara aika wa juna takardu. Sai bankin da zai ba mai sayen bashi ya turo wanda zai kimanta gidan. Mutumin ya kafa tsani, ya ɗaga murfin silin, ya haska tocila, ya ga wani abu mai ruwan madara ya lulluɓe katakon rufin tun daga baki har ƙololuwa, kamar kumfar sabulu da ta daskare. Minti biyu ya yi ya sauko. Bayan 'yan kwanaki rahoto ya fito cewa darajar gidan a wurin banki sifiri ce har sai an kawo ƙarin bayani. Mai saye ya janye, domin a Ingila da Wales kowa yana da damar fasa ciniki matuƙar ba a yi musayar kwantiragi ba. Mai gida kuwa ya yi asarar wata biyu ko uku, wataƙila har da gidan da shi ma yake shirin saya.

Ana iya kauce wa wannan, amma sai an bi abubuwa a jere. Yawancin asarar da ake tafkawa a kan wannan kumfa daga saɓa jerin take fitowa: wani ya sa gida a kasuwa kafin ya san abin da ke rufinsa, wani kuma ya ruga ya biya a kankare masa ita kafin wani masani ya duba.

Mece ce kumfar, me ya sa banki ke gudunta

Sinadarai biyu ne masu ruwa-ruwa da ke haɗuwa a bakin bindigar feshi. Da zarar sun taɓa katako ko shimfiɗar rufi, wato wadda ake sawa a ƙarƙashin tayil, sai su kumbura, su manne, su bushe. Ana fesa ta ne don ta tare ɗumin gida kada ya fice ta sama a lokacin sanyi. Iri biyu ce. Akwai mai laushi, wadda ƙananan ramukan jikinta a buɗe suke, tururin ruwa yana ratsa ta, kuma idan ka danna ta da yatsa za ta lotsa kamar burodi. Akwai mai tauri, wadda ramukanta a rufe suke, ta fi mai laushin nauyi sosai, tururi ba ya ratsa ta sosai, kuma idan ka ƙwanƙwasa ta za ka ji ƙarfi. An ƙiyasta cewa gidaje kusan 250,000 ne ke da ita a Birtaniya, kuma wasu ma da tallafin gwamnati aka fesa musu, a ƙarƙashin shirin Green Homes Grant da aka yi a Ingila daga 2020 zuwa 2021. Saboda haka mai gidan da ya sa aka yi masa bai yi wauta ba. Abin da aka tallata masa a matsayin gyara ya saya.

Damuwar banki a kan katako take. Girki, wanka, shanyar kaya a ɗaki, har numfashin mutane, duk suna cika iskar gida da tururi, kuma tururin sama yake hawa. A rufin gargajiya na Birtaniya, iska tana shiga ta kafofin da ke bakin rufi ta kwashe wannan danshi ta fita da shi. Idan aka fesa kumfa aka toshe kafofin, tururin da ya ratsa ta zai iske shimfiɗa mai sanyi a bayanta, ya koma ruwa, kamar gumin da ke taruwa a murfin tukunya. Ruwan ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a jikin rafta. Haka kuma idan tayil ɗaya ya zame ruwan sama ya fara shiga, kumfar za ta ɓoye yoyon, ba za a ga ɗigo a silin ba sai katakon ya riga ya ci. Wanda ya san yadda gara ke cinye azara ta ciki alhali bayanta yana nan lafiya ƙalau zai gane abin da ake tsoro.

Mai kimanta gida ba ya yanka komai, ba ya ɓamɓare komai, abin da idonsa ya gani kawai yake rubutawa. Idan bai ga katako ba, ba zai sa hannu cewa rufin lafiyayye ne ba. A watan Nuwamban 2024 BBC ta ruwaito cewa kashi ɗaya cikin huɗu na manyan masu ba da bashin gida a ƙasar ba sa ba da bashi a kan gidan da ke da wannan kumfa a rufi. Sauran suna duba kowane gida da halinsa, kuma abin da suke nema shaida ce a rubuce. Duk aikin da ke gabanka shi ne tara wannan shaidar kafin a tambaye ka. Bankunan Musulunci irin su Gatehouse, waɗanda ke sayen gidan tare da mutum, su ma suna turo mai kimantawa, domin da kuɗinsu a cikin ginin. Kada a ɗauka mai saye ta wannan hanya ya tsallake matsalar.

A Amurka da Kanada ba haka lamarin yake ba, can sau da yawa ma ana lissafa kumfar cikin abubuwan da ke ƙara wa gida daraja. Abin da ke biye na Birtaniya ne.

Mataki na farko: hau ka gani da idonka

Zaɓi safiya mai sanyi a cikin hunturu idan lokaci ya ba ka dama, domin a lokacin ne danshi ke bayyana. Ka tanadi tocila mai haske, takunkumi mai tace ƙura, safar hannu, da faffaɗan katako da za ka ɗora a kan gungumen silin ka durƙusa a kai. Kada ka taka tsakanin gungumen, allon silin ba ya ɗaukar nauyin mutum.

Fara da danna kumfar don sanin irinta. Sannan ka duba ko fuskar rafta tana waje ko an binne ta gaba ɗaya. Rufin da ake ganin fuskar katakonsa ya fi sauƙin samun amincewa, tunda ana iya auna shi. Ka matsa kusa da bakin rufi ka kashe tocilar: idan ka hango ɗan haske ko ka ji iska tana shigowa, kafofin a buɗe suke. Idan duhu ne ɗif kuma iska ba ta motsi, an toshe su.

Abu mafi muhimmanci shi ne abin da aka fesa kumfar a kansa. Nemi wurin da ta yi siriri, ko gefen bututun hayaƙi, ko inda mai feshin bai kai ba. Baƙar shimfiɗa mai kauri da ƙamshin kwalta ita ce tsohuwar shimfiɗar da ba ta barin tururi ya wuce, wadda ke cikin gidaje da yawa da aka gina a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Shimfiɗa mai kama da yadi, fara ko toka-toka ko shuɗiya, ita ce ta zamani mai numfashi. Idan kuwa bayan tayil ko silet ka gani kai tsaye babu wata shimfiɗa, wannan shi ne mafi munin hali. Binciken da HSE, hukumar kula da lafiya da kariya daga haɗari ta Birtaniya, ta fitar a 2024 ya nuna haɗarin danshi kaɗan ne inda aka sa kumfa mai laushi bisa ƙa'ida tare da abin tare tururi, amma yana da yawa inda aka fesa ta kai tsaye a kan tayil ko a kan shimfiɗar da ba ta numfashi ba tare da hanyar iska ba.

Kafin ka sauko, duba ko kawunan ƙusoshi sun yi tsatsa, ko akwai baƙin tabo a katako, ko fumfuna, ko warin rima. Bi bututun fankar banɗaki ka tabbatar waje yake fitar da tururi, domin akwai gidajen da bututun yake ƙarewa a cikin rufi, ya yi shekaru yana hura danshi a kan katako. Duba ko an binne wayoyin lantarki a cikin kumfar, tunda wayar da aka lulluɓe ba ta iya sakin zafinta. Ɗauki hoton komai. Kada ka ɓamɓare komai da kanka tukuna.

Mataki na biyu: tattara takardu

Wannan shi ne matakin da ba ya cin kuɗi, kuma shi ne aka fi raina wa. Ana neman rasit ɗin aikin mai ɗauke da kwanan wata, da sunan kamfanin da ya yi feshin, da ainihin sunan samfurin kumfar. Da sunan samfurin ne za ka nemo takardar shaidar ingancinsa daga BBA ko Kiwa, waɗanda su ne masu tantance kayan gini da bankuna suka sani. Kada ka tsaya a kan cewa takardar tana nan, karanta sharuɗɗan da ke cikinta. A ciki ake faɗin irin rufin da aka yarda a fesa samfurin, ko sai an bar rata tsakaninsa da shimfiɗa, ko sai an sa ledar tare tururi ta ciki. Samfuri mai takardar shaida da aka fesa ba bisa sharuɗɗanta ba, daidai yake da marar takarda.

Bayan haka sai rahoton duba rufi da ya kamata a ce kamfanin ya yi kafin feshi, da awon danshin katako na ranar, da lissafin haɗarin taruwar gumi, da hotunan rufin kafin a rufe shi. Sai garanti. A nan tambayoyi biyu ne: shin yana komawa kan sabon mai gida, kuma shin akwai inshora a bayansa wadda za ta tsaya idan kamfanin ya rushe? Ka lura cewa garanti da yawa kumfar kawai suke karewa, ba ruwansu da katakon da ta ruɓar.

Idan gidan na haya mai dogon zango ne, wato ƙasa da rufin na wani ne, nemi takardar izininsa. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, nemi izinin ƙaramar hukuma.

Da yawa daga kamfanonin da suka yi wannan aiki sun rufe. Duba sunan a rajistar kamfanoni ta Companies House, kyauta ne a intanet. Idan ya rushe, rubuta wa kamfanin da ya ƙera samfurin, domin wasu suna ajiye bayanan ayyukan da masu feshinsu suka yi. Idan da tallafin Green Homes Grant aka yi, tuntuɓi TrustMark, tunda sai mai rajista da su ake ba aikin a wancan shiri. Wanda ya sayi gidan da kumfar a ciki ya koma kan takardun da lauyansa ya ba shi lokacin saye.

Mataki na uku: kawo safiyo mai zaman kansa

A watan Maris na 2023 ƙungiyar safiyoyi, wato masana duba gini, ta RICS ta fitar da jagora ga masu gidaje a kan wannan kumfa, ƙungiyar PCA ta masu maganin danshi da ruɓewar katako a gine-gine kuma ta wallafa tsarin da za a riƙa bi wajen duba ta. Nemi safiyo ko injiniyan gini da ke aiki da wannan tsari, mai inshorar sana'a, kuma wanda ba ya sayar da feshi, ba ya sayar da kankarewa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba abin sassautawa ba ne. Jami'an Trading Standards, masu kare haƙƙin masu saye, sun sha gargaɗi a kan masu buga waya ko ƙwanƙwasa ƙofa suna cewa za su duba rufi kyauta, su hau su sauko da labarin cewa rufin na dab da faɗuwa, sai an biya yau. Tsofaffi suka fi faɗawa hannunsu, kuma wasu daga cikin 'yan damfarar da jerin sunayen waɗanda aka yi wa feshin suke yawo. Wanda ya riga ya sa hannu a irin wannan kwantiragi a cikin gidansa yana da kwana 14 na fasawa a doka.

Dubawa ta gaskiya tana ɗaukar sa'o'i. Safiyon zai fara daga waje: tayil da suka zame ko suka fashe, darmar da ke kewaye da bututun hayaƙi, kwarin da rufi biyu suka haɗu, indararo, da ko layin ƙololuwa ya lotsa. A ciki zai yanka kumfar a wurare da dama, murabba'i kamar faɗin tafin hannu ko fiye, ya kai ga katako da shimfiɗa. Wuraren da ya kamata ya buɗe su ne inda ruwa ya fi zama: kusa da bakin rufi, ƙololuwa, gefen bututun hayaƙi, saman banɗaki, da ɓangaren da ke fuskantar arewa wanda rana ba ta cika bugawa ba. Zai soka na'urar awon danshi a jikin katakon. Awo ƙasa da kashi 18 cikin 100 abin kwanciyar hankali ne. Katakon da ya daɗe sama da kashi 20 yana cikin haɗarin ruɓewa. Zai kuma soka tsinin sukuddireba ya ji ko naman katakon ya yi laushi.

Awon da aka ɗauka a watan Yuli bayan makonni ba ruwa yana iya fitowa da kyau a rufin da ke jiƙewa duk Janairu. Safiyo na ƙwarai zai rubuta yanayin ranar a rahotonsa, kuma mai kimantawa na banki zai karanta wannan layin.

Rahoton ya faɗi irin kumfar, kaurinta, abin da aka fesa ta a kai, ko aikin ya dace da takardar shaidar samfurin, alƙaluman awo da hoton kowane wuri, matakin haɗari, da shawara ƙarara. Ka roƙi a rubuta shi yadda mai saye da bankinsa za su iya dogara da shi. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan fam ne.

Mataki na huɗu: yanke shawara

Da rahoto a hannu, kira dillalin bashin gida wanda ke hulɗa da bankuna da yawa, ka karanta masa abin da aka samu, ka tambaye shi bankuna nawa ne za su karɓi irin wannan rufi a yanzu. Manufofin bankuna suna sauyawa, jerin bara ba lallai ya yi aiki bana ba. Amsarsa ce za ta nuna maka yawan masu sayen da za su iya kai wa ga biya.

Idan kumfa mai laushi ce a kan shimfiɗa mai numfashi, katako a bushe, takardu cikakku, a bar ta. Kankare lafiyayyen aiki asarar kuɗi ce, kuma garin gyaran gira ana iya rasa ido: wuƙa tana yaga shimfiɗa, tana yanke waya, a wayi gari rufin da ba ya yoyo ya fara.

Idan babu takardu ko kaɗan, ko awo ya yi sama, ko an fesa a kan shimfiɗar kwalta ba rata, kankarewa ta fi zama mafita. Idan kuwa a bayan tayil aka fesa kai tsaye, musamman mai tauri, ka shirya wa maganar sabon rufi, domin ta manne tayil da katakon da ke riƙe da su, ba ta fita sai da ɓarna.

Hanya ta uku ita ce a sayar yadda yake ga mai tsabar kuɗi, ko a gwanjo. Tana da sauri, a gwanjon gargajiya kwana 28 ake bayarwa a kammala biya, amma farashi yana faɗuwa. Kamfanonin da ke sayen gida nan take sau da yawa ba sa wuce kashi 80 zuwa 85 na darajarsa. Yi lissafi a takarda. Ƙiyasin da aka fi ambatawa na kankarewa shi ne kusan fam 40 a kowace murabba'in mita, wato rufi mai murabba'in mita 80 zai tashi wajen fam 3,200, ban da gyaran katako da sabon abin tare sanyi. Gida mai darajar fam 250,000 da aka sayar a kashi 80 ya yi asarar fam 50,000. Ko da sabon rufi aka yi, da wuya kuɗin ya kai nan a gida madaidaici. Gwanjo na wanda lokaci ya ƙure masa ne, kamar magada da ke son raba gado ko wanda zai bar ƙasar.

Idan za a kankare

Kafin a taɓa komai, tsaya ka duba ko kana da haƙƙin neman diyya, domin kumfar da ke rufin ita ce hujjarka. Dokar kare masu saye ta 2015 ta wajabta wa mai aiki ya yi shi da ƙwarewa da kulawa. Idan an biya ko da wani ɓangare na kuɗin da katin bashi, kuma aikin ya haura fam 100 bai wuce fam 30,000 ba, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya ba ka damar bin kamfanin katin ko da mai feshin ya rushe. Wa'adin shigar da ƙara a kan kwantiragi shekara 6 ne a Ingila da Wales, shekara 5 a Scotland. Ƙungiyar Citizens Advice tana ba da shawara kyauta a kan wannan. Rahoton safiyo, hotuna, da ɗan yankin kumfar da aka ajiye a leda sun isa a riƙe kafin a fara aiki.

Karɓi farashi a rubuce daga kamfanoni uku. Kowanne ya faɗi yadda zai cire, da wa zai ɗauki nauyin shimfiɗar da ta yage, da ko kwashe shara yana ciki, da inshorarsa. Kada a biya duka kafin aiki. Mai laushi ana yanka ta da zarto a ɓamɓare da hannu, a bi da burushin ƙarfe. Mai tauri sai an sassaƙe ta kaɗan-kaɗan, wasu kuma suna amfani da injin da ke harba ƙanƙarar iskar gas don share ragowar. Aiki ne mai ƙura sosai. A rufe bakin silin da leda, a rufe tankin ruwa idan yana sama, a kashe wutar layukan da ke bi ta rufin. A gidan da aka gina kafin 2000 a tabbatar babu asbestos, wani tsohon kayan gini mai ƙura mai cutar da huhu, a inda za a taɓa. Idan akwai alamar jemagu a rufin a dakata a nemi shawara, domin doka ta kare su da mazauninsu a Birtaniya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cire abin da ido ke gani a bar na lungu. Ragowar da ta toshe bakin rufi, ko wadda ta maƙale tsakanin rafta da shimfiɗa, ita ce daidai inda matsalar take, kuma mai kimantawa zai haska wurin. Ka sa a cikin kwantiragi cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai safiyonka ya dawo ya duba.

Bayan an cire, a bar katakon ya sha iska na 'yan makonni idan ya jiƙe, a sake aunawa. A canza ko a ƙarfafa duk raftar da ta ci. A buɗe kafofin iska na bakin rufi. Sannan a mayar da abin tare sanyi a kan silin, irin na ulun gilashi ko na dutse, kauri milimita 270: 100 a tsakanin gungume, 170 a gicciye a kansu, ba tare da an tura shi ya toshe bakin rufi ba. Mai lantarki ya duba wayoyin. Idan sabon rufi aka yi, a karɓi takardar hukumar kula da ƙa'idojin gini ko ta mai rufin da ke da ikon tantance aikinsa. Takardar EPC, wadda ke nuna yadda gida ke cin makamashi kuma ba a sayar da gida sai da ita, tana aiki shekara 10, amma idan an yi ta lokacin da kumfar ke nan gara a sake sabuwa don ta dace da halin da gidan yake ciki.

A ajiye hotunan kafin aiki, da tsakiyarsa, da bayansa, tare da takardar kwashe shara da rahoton safiyo na biyu. Takardar da kamfanin kankarewa ya rubuta wa kansa cewa ya gama aiki ba ta da nauyin rahoton mutum mai zaman kansa.

Mataki na biyar: faɗa tun ranar farko

Ko an bar kumfar ko an cire, dillalin gidaje ya sani tun ranar da ya zo ɗaukar hoto. Doka ta hana shi ɓoye wa masu saye bayanin da zai shafi shawararsu. Kai kuma za ka cike fom ɗin TA6 da lauyanka zai ba ka, inda ake tambayar gyare-gyaren da aka yi wa gida da garantin da ke kansu. Amsar ƙarya ko ta kauce-kauce tana ba mai saye damar kai ka kotu bayan an gama ciniki, a ƙarƙashin dokar 1967 a kan bayanin yaudara. Musulmi ya riga ya san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki, ba sai an tuna masa ba. Ga shi kuma ɓoyewar ba ta ma yiwuwa, murfin silin kawai za a ɗaga. A Scotland safiyo yana zuwa tun kafin a sa gida a kasuwa, don haɗa rahoton Home Report da kowane mai saye zai karanta, saboda haka a can dole a gama duk matakan baya kafin ranar zuwansa.

Haɗa komai a fayil ɗaya, na takarda da na kwamfuta, da shafi guda a gaba mai taƙaita abin da ke ciki: ranar feshi, sunan samfuri, lambar takardar shaida, sakamakon awo, aikin da aka yi bayan nan. Ba dillali, ba lauya, kuma ka bar kwafi a kan teburin kicin ranar da mai kimantawa zai zo. Share hanyar hawa, sa fitila a cikin rufin, kwashe akwatunan da suka tare bakin rufi.

Duk wanda ya taya gidan, tambaya ta farko kafin a karɓi tayinsa ita ce wane banki zai ba shi bashi, kuma ko dillalin bashinsa ya nuna wa bankin rahoton. A nemi amsar a rubuce kafin a cire gidan daga kasuwa. Tayin fam 240,000 daga wanda bankinsa ya riga ya ga fayil ɗin ya amince ya fi tayin fam 250,000 daga wanda bai tambaya ba.

Mai saye yana iya neman ragi ko da rahoto ya yi kyau. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma shi ma yana tunanin ranar da zai sayar. Farashin kankarewa uku da ke hannunka su ne ma'aunin ragin, kada tattaunawa ta tashi daga fam 4,000 ta koma fam 20,000 saboda tsoro kawai. Wani lokaci banki yakan yarda ya ba da bashin amma ya riƙe wani kaso har sai an cire kumfar. Wani lokaci kuma mai saye yakan ce a cire kafin a yi musayar kwantiragi. Idan ka yarda da wannan, ka sani kai ke ɗaukar kasada, domin yana iya janyewa bayan ka kashe kuɗin. Abin da zai rage kasadar shi ne lauyoyin ɓangarorin biyu su rubuta ainihin aikin da za a yi, da wanda zai duba shi, sannan bankin mai sayen ya tabbatar a rubuce cewa zai sake turo mai kimantawa da zarar rahoto na biyu ya iso gare shi.